Yau Ka Kare, Gobe Ka Rushe: Tarihin Darasin da Ya Tsorata Dattawan Rum

A shekara ta 155 kafin Miladiyya birnin Atina na ƙasar Girka ya shiga tsaka mai wuya. An ci shi tarar talanti 500, wato kimanin tan 13 na azurfa, saboda farmakin da ya kai wa wani ƙaramin gari mai suna Orofus. Sai mutanen birnin suka tashi jakadu uku zuwa Rum su roƙi sassauci a gaban Majalisar Dattawa. Dukansu malaman falsafa ne, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Karniyades, shugaban makarantar da Aflatun ya kafa.

Yayin da suke jiran majalisa ta yanke hukunci, sai suka riƙa gabatar da lacca a bainar jama'a, samarin Rum kuwa suka yi ta tururuwa. Kamar yadda Sisero ya ruwaito daga baya, Karniyades ya tashi wata rana ya yabi adalci, ya kafa hujjojin da suka nuna shi ne ginshiƙin zaman duniya. Kashegari ya dawo gaban jama'a ya rushe duk abin da ya gina. Ya ce dokoki yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla don amfanin kansu, kuma da Rumawa za su yi adalci na haƙiƙa, da sai sun mayar da duk ƙasashen da suka ci da yaƙi, su koma zaman bukkoki irin na kakanninsu.

Wani dattijo mai suna Kato, wanda shekarunsa suka kusa 80, ya roƙi majalisa ta gaggauta sallamar baƙin su koma garinsu, domin samarin Rum su ci gaba da sauraron dokoki da magabata. An sassauta tarar zuwa talanti 100, jakadun suka kama hanya. Amma darasin bai bi su ba. Bayan ƙarni biyu, abin da ya tayar wa Kato da hankali ya zama aikin gida da ake ba yaro ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, wato tsaran ɗaliban ƙaramar sakandare a yau: ga magana, rubuta ka rushe ta, ga ta kuma, rubuta ka tabbatar da ita.

Fiye da shekara 2000 ke nan wannan darasi yana ɓacewa yana dawowa, kuma duk inda ya ɓulla tuhuma ɗaya ce take biye da shi, cewa yana ƙera yara masu baki biyu. Tarihinsa ya nuna cewa tuhumar tana da tushe, ya kuma nuna sharuɗɗan da suke hana ta tabbata.

Tsoron da ya girmi Kato

Tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya wani malami mai suna Furotagoras yake koyar da cewa kowace mas'ala tana da zance biyu masu karo da juna. A Atina ta lokacin wannan ilimi kadara ce, domin wanda aka kai ƙara shi yake tsayawa da bakinsa gaban alƙalai ɗaruruwa ya kare kansa, kuma manufofin birni a taron jama'a ake yanke su da ƙuri'a. Iyaye masu hali suka riƙa biyan kuɗi mai tsoka a koya wa 'ya'yansu iya magana.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya tashi. A shekara ta 423 kafin Miladiyya marubucin wasan barkwanci Aristofanis ya nuna wani wasa da aka fi sani da "Gizagizai". A cikinsa wani manomi da bashi ya yi wa katutu ya tura ɗansa makaranta ya koyo yadda ake mayar da raunanniyar hujja ƙaƙƙarfa, don ya kuɓuta daga masu binsa bashi. Yaron ya koyo ɗin kuwa. Ya dawo gida ya lakaɗa wa ubansa duka, sannan ya tsaya ya kafa masa hujja cewa dukan ya halatta. Tsoron kowane uba ne aka ɗora a kan dandamali. Shekara 24 bayan haka, da aka gurfanar da Sukurat gaban shari'a, irin wannan zargi yana cikin abubuwan da ya ce sun daɗe suna ɓata masa suna.

Aristotil ne ya ba da amsar da malamai suka riƙe tun daga nan. A littafinsa na balaga ya ce ya kamata mutum ya iya kafa hujja a kan abu da kishiyarsa, amma ba don ya yi kira zuwa ga ɓarna ba. Amfanin shi ne ya ga mas'alar ta kowace fuska, kuma idan wani ya zo da ƙarya a rigar hujja ya iya tuɓe ta. Likitan da ya san yadda guba take kisa shi ya fi sanin makarinta.

Rumawa sun yi turjiya kafin su karɓa. A shekara ta 161 kafin Miladiyya majalisa ta ba da izinin korar malaman falsafa da na balaga daga birnin, kuma a ta 92 manyan jami'ai biyu masu kula da ɗa'ar jama'a suka fitar da sanarwar ƙin amincewa da makarantun balaga na harshen Latin. Duk da haka Sisero, babban lauya kuma ɗan siyasar Rum, ya tashi yana atisayen magana a ɓangarori biyu, ya kuma ɗauke shi mafi ingancin horo ga mai son tsayawa gaban kotu.

Tsani mai hawa goma sha huɗu

Abin da ya sauko da wannan fasaha daga zauren manya zuwa ajin yara shi ne wani jerin darussa da Girkawa suka kira "progymnasmata", ma'ana atisayen share fage. Yaro yakan yi su ne a tsakanin gama karatun nahawu da waƙoƙi da shiga makarantar balaga ta sosai. Littattafai huɗu na wannan fanni sun tsira har yau, kuma wanda ya fi yin tasiri shi ne na Aftoniyus, malami a birnin Antakiya a ƙarshen ƙarni na 4 Miladiyya, almajirin shahararren mai balaga Libaniyus. Ya yi wa sauran zarra ne da abu ɗaya mai sauƙi: kowane darasi ya haɗa shi da cikakken misali da yaro zai gani ya kwaikwaya.

Darussansa goma sha huɗu ne, an jera su kamar matakalar tsani. Yaro yana farawa da tatsuniya, ya faɗaɗa ta ko ya taƙaita ta. Sai ba da labari, sai sharhin wata magana ta wani mashahuri, sai sharhin karin magana. A hawa na biyar ne ake ba shi rushewa, na shida tabbatarwa. Daga nan ya wuce zuwa yabo da zambo da kwatanci da sanya kai a bakin wani da siffantawa. Sai a hawa na goma sha uku yake isa ga mas'ala ta gama-gari, irin su ko ya dace mutum ya yi aure, na ƙarshe kuma shi ne goyon bayan wata doka ko sukarta.

Wannan jeri yana ɗauke da hikimar da aka fi mantawa da ita. Ba a tambayar yaro ra'ayinsa a kan babbar mas'ala tun ranar farko. Abu na farko da zai rushe labari ne da ya sani tun yana ƙarami, saboda haka duk ƙarfinsa yana tafiya ga tunani, ba ya ɓata shi wajen neman bayanai. Aftoniyus ya kuma gindaya sharaɗi: kada a zaɓi abin da yake a fili ƙarara, kada kuma a zaɓi wanda ba zai taɓa yiwuwa ba, sai wanda yake tsaka-tsaki. Sannan ya miƙa wa yaro tambayoyi shida. Shin labarin a bayyane yake ko a dunƙule? Hankali zai ɗauka? Zai yiwu? Sassansa sun dace da juna ko suna tufka da warwara? Ya dace da mutuncin waɗanda aka ambata? Akwai amfani a cikinsa? Mai rushewa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna gibi, mai tabbatarwa ya bi su yana cikewa.

Misalin da ya bayar labarin Dafni ne, budurwar da Girkawa suke cewa 'yar kogi ce da ƙasa, wadda abin bautarsu Afolo ya bi ta da gudu, uwarta ƙasa ta haɗiye ta, wata bishiya ta tsiro a gurbinta. A darasin rushewa Aftoniyus ya tambaya: ta yaya kogi da ƙasa za su haifi mutum? A ina aka raine ta, tunda a cikin ruwa za ta nutse, a ƙarƙashin ƙasa kuma ba mai ganinta balle ya so ta? Yaya yarinya za ta tsere wa wanda ake cewa abin bauta ne? A darasi na gaba ya juyo ya kare labarin nan, sashe bayan sashe. Ba labarin wata ƙasa mai nisa ya ɗauko ba. A gefen Antakiya akwai wata unguwa mai suna Dafni, inda babban ɗakin bautar Afolo ya taɓa kasancewa. Labarin garinsu yaran suke rushewa suna ginawa.

Rumawa ma haka suka yi da nasu. Kwintiliyan, wanda ya kammala littafinsa mai juzu'i 12 kan tarbiyyar mai balaga wajen shekara ta 95 Miladiyya, ya ba da shawarar yara su gwada labaran tarihin Rum: ko gaskiya ne kyarkeciya ta shayar da Romulus, wanda ya kafa birnin, ko abin yarda ne hankaka ya sauka a kan jarumi Baleriyus ya riƙa dukan fuskar abokin karawarsa. Ga mas'alolin gama-gari kuma ya ambaci zaman birni da zaman ƙauye, da aikin lauya da na soja, wanne ya fi.

Wani abu kuma a misalin Aftoniyus na batun aure: mai rubutu ba ya jero fa'idodi kawai ya tafi. A tsakiyar rubutun yana tsayawa ya kawo ƙorafin mai sukar aure, cewa shi ke jawo takaba da maraici, ya amsa, ya sake kawo wani ƙorafin ya amsa. An saka muryar abokin hamayya cikin tsarin rubutun tun daga tushe.

Inda darasin ya lalace

Matakin da ke sama da tsanin shi ne jawabin gwaji, inda saurayi zai tsaya ya kare ɓangare ɗaya na wata shari'a ta ƙage. A zamanin jamhuriya wannan shiri ne na shiga kotu da majalisa. Da mulki ya koma hannun sarakuna, majalisa ta rage ƙarfi, sai jawabin ya zama abin kallo. Iyaye suna zuwa su saurara, ana tafi, kuma wanda ya fi fitar da jimla mai walƙiya shi ne gwani. Seneka Babba ya tattara batutuwan da aka riƙa bayarwa, cike suke da 'yan fashin teku da azzaluman sarakuna da 'ya'yan da aka sallama da dokokin da babu su a kowace ƙasa.

Marubutan ƙarni na 1 sun lura. Fetroniyus ya sa wani a cikin labarinsa yana cewa makarantun nan wawaye suke yayewa, domin yara ba sa jin komai a ciki da ya yi kama da rayuwa. Tasitus ma ya yi irin wannan kuka. A nan tuhumar Kato ta sami gindin zama. Batutuwan sun rabu da abin da yaro ya sani, lada ya koma ga burgewa, kuma babu wanda yake tambaya a ƙarshe wane ɓangare ne yake da gaskiya. Yaron da aka raina a haka yana fita da harshe mai kaifi da zuciyar da ba ta damu da inda gaskiya take ba.

Zauren munazara

Duniyar Musulmi ta gina nata tsarin ta wata hanya dabam, daga cikin fiƙihu da ilimin kalam. A makarantun Bagadaza na ƙarni na 11 ɗalibin fiƙihu ba ya cika malami sai ya san saɓani, wato ra'ayoyin sauran mazhabobi da dalilansu, kuma ya iya tsayawa a munazara. Abu Ishaƙ al-Shirazi, malamin makarantar Nizamiyya, ya rubuta littafi kan jadali, haka ma al-Baji, malamin Malikiyya na Andalus. "Bidayatul Mujtahid" na Ibn Rushd, wanda malaman ƙasar Hausa suka sani sarai, an gina shi ne a kan kawo ra'ayoyi mabambanta a kowace mas'ala tare da bayyana sababin saɓanin.

Daga baya Shamsuddin al-Samarƙandi ya tsara fannin da aka kira ladubban bincike da munazara. Mutum biyu ne: mai da'awa, wanda kafa dalili yake wuyansa, da mai tambaya, wanda yake da hanyoyi uku. Yana iya ƙin yarda da wata muƙaddima ya nemi dalilinta, ko ya nuna cewa dalilin gaba ɗayansa ya warware, ko ya kawo wani dalilin da yake tabbatar da kishiyar da'awar. Wannan fanni ya shiga manhajar makarantun daular Usmaniyya ta Turkawa, har aka yi masa taƙaitattun littattafai domin masu farawa. Galibinsa da baki ake yi, kuma ɗalibansa sun girmi yaran Aftoniyus, amma manufar ɗaya ce: a ba mai koyo tambayoyi ƙididdigaggu da zai gwada kowace magana da su.

Gargaɗi mafi ƙarfi a nan ya fito ne daga wanda ya fi kowa gwaninta a fagen. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi fice a munazara kafin ya bar kujerarsa ta Nizamiyya. A babin ilimi na "Ihya'u Ulumiddin" ya lissafa cututtukan da munazara take haifarwa idan an yi ta don rinjaye, irin su hassada da girman kai da ƙullata da jin zafin bayyanar gaskiya a bakin abokin hamayya. Bai haramta ta ba, sai dai ya sa mata sharuɗɗa, kuma ya kamanta mai munazara na gari da mai cigiyar dabbarsa da ta ɓace: ko a hannunsa aka same ta ko a hannun abokinsa, murna zai yi. Cutar da Fetroniyus ya gani a Rum ita Ghazali ya gani a Bagadaza, sai dai shi ya faɗi maganinta.

Daga Irasmus zuwa Milton

A Turai ta tsakiyar zamani Fita Abelad ya tara tambayoyi 158 a wani littafi mai suna "I da A'a", kowace da maganganun magabatan Kirista masu karo da juna, ya bar wa ɗalibai aikin sasantawa. Jami'o'in da suka biyo baya sun mayar da jayayya mai tsari ginshiƙin karatu.

Littafin Aftoniyus kuwa bai taɓa barin makarantun daular Rum ta Gabas ba, kuma da aka ƙirƙiro injin ɗab'i sai ya mamaye Yammacin Turai. An fassara shi zuwa Latin, wani malamin Jamus mai suna Reinhard Lorich ya ƙara masa misalai da sharhi, aka yi ta buga shi a garuruwa da dama cikin ƙarni na 16 da na 17. A 1563 Richard Rainolde ya fitar da nau'insa na Ingilishi. Makarantun nahawu na Ingila, irin wadda ake kyautata zaton Shakespeare ya halarta a garinsu, da wannan littafi suke horar da yara. John Milton, yana ɗalibi a Kambirij, ya yi jawabin gwaji kan ko rana ta fi dare daraja, kuma jawabin yana nan har yau.

Tsohuwar tuhumar ma ba ta mutu ba. Irasmus, babban masanin ƙasar Holan, ya rubuta wasiƙar gwaji yana kwaɗaitar da wani saurayi ga aure, ya kuma tsara kishiyarta a littafinsa na koyar da rubutun wasiƙa na 1522. Malaman coci suka ɗauki ta farkon a matsayin suka ga zaman gwauranci na limamai, suka yi masa ca. Ya yi ta bayanin cewa atisaye ne na balaga, amma ba su gamsu ba, watakila domin sun ji cewa zuciyarsa tana tare da wasiƙar.

A ƙarni na 19 Latin ya fara ja da baya, tsanin ya tafi tare da shi. A Faransa ajin da ake kira ajin balaga ya rasa wannan suna a gyaran manhaja na 1902, insha'i mai tsari ya gaje shi. A ƙasashe masu Ingilishi kuma aka rarraba rubutu gida-gida, labari da siffantawa da bayani da jan ra'ayi, rarrabawar da littafin Alexander Bain na 1866 ya taimaka wajen yaɗawa. Rubutun jan ra'ayi ya zama aikin tara dalilai a bayan matsayi ɗaya.

Amurka ta sake buɗe shari'ar

A Amurka gasar muhawara ta makarantu ce ta riƙe al'adar kare ɓangaren da aka ba mutum ko da bai yarda da shi ba. Theodore Roosevelt, tsohon shugaban ƙasar, ya soki wannan a tarihin rayuwarsa na 1913. A ganinsa ƙasa tana buƙatar matasa masu aƙida mai ƙarfi, gasar kuwa tana koya musu zalaƙa a kan duk abin da aka ɗora musu. A 1954 rigimar ta kai matakin ƙasa. Batun muhawarar jami'o'i na shekarar shi ne ko Amurka ta ƙulla hulɗar jakadanci da gwamnatin kwaminis ta Sin, sai aka hana ɗaliban kwalejojin sojan ƙasa da na ruwa shiga, don gudun a ji hafsoshin gobe suna kare abin da ya saɓa wa manufar gwamnati.

A gefe guda kuma masana halayyar ɗan Adam suka fara auna abin da Aristotil ya faɗa da hankali kawai. David Perkins na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1980 cewa mutane, har da masu zurfin karatu, idan aka ce su yi tunani a kan wata mas'ala sukan tara dalilan ɓangarensu su yi watsi da na ɗaya ɓangaren. Kaifin basira ba ya warkar da wannan, sau da yawa ƙara wa mutum makamai kawai yake yi.

A 2011 Deanna Kuhn ta Jami'ar Kolombiya da Amanda Crowell suka wallafa sakamakon wani gwaji na shekara uku da yaran da suka fara daga aji shida. Rukuni ɗaya suna karatu da tattaunawa a aji da rubuta insha'i kamar yadda aka saba. Ɗaya rukunin kuwa ana haɗa su bibbiyu su yi musayar hujja a rubuce ta kwamfuta da 'yan ajinsu masu kishiyar ra'ayi, sannan su zauna su duba abin da aka faɗa musu da yadda suka amsa. A ƙarshe aka ba kowa sabon batu ya rubuta shi kaɗai. Yaran musayar hujja sun fi kawo ɓangarori biyu a rubutunsu, duk da cewa ɗaya rukunin ya fi su yawan rubuta insha'i. Yaro yana fara jin muryar mai saɓa masa daga waje, a hankali ta koma cikin kansa.

Ma'aunin karatu na bai ɗaya da jihohin Amurka fiye da 40 suka ɗauka daga 2010 ya dawo da wani abu mai kama da tsani. A aji shida yaro ya kafa da'awa da dalilai. A aji bakwai ya ambaci da'awar da ta saɓa wa tasa. A aji takwas ya bambance su. A aji tara da goma ya gina duka biyun bisa adalci. Haka kuma wasu makarantu masu farfaɗo da tsohuwar manhaja sun koma ga darussan Aftoniyus kai tsaye, suna dogaro da lurar da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta yi a 1947, cewa yaro a wannan tsakanin yana son gardama da kama manya da kuskure, don haka gara a ba gardamar tasa ƙa'ida.

Kano da Damagaram

Yaran Hausawa a yau suna rayuwa ƙarƙashin gado biyu na wannan tarihi. A Najeriya, tambayar muhawara a jarrabawar WAEC takan ce ɗalibi ya rubuta jawabinsa na goyon baya ko na adawa, wato ya zaɓi ɗaya. Batutuwan ƙungiyoyin muhawara na makarantu, likita ko manomi, makarantar kwana ko jeka-ka-dawo, 'yan uwan lauya ko soja na Kwintiliyan ne. Sai dai abin da aka fi saka wa lada shi ne gaisuwar alƙalai da jera dalilai da rufewa da fatan an gamsar da masu sauraro. A Nijar, ɗan sakandare ya gaji tsarin Faransa mai hawa uku: matsayi, kishiyarsa, sannan haɗawa. Wannan ya fi kusa da tsohon darasin, amma shi ma yakan zama ƙwarya uku da ake cikawa, inda hawa na ukun yake ƙarewa da cewa kowa yana da tasa gaskiyar.

Abin da tarihin ya nuna yana aiki ba shi da tsada. Na farko, a fara da abin da yaro ya sani kuma yake tsaka-tsaki. Labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura ya cika sharaɗin Aftoniyus cif: kowa ya san shi, masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kansa, kuma tambayoyin nan shida suna da abin kamawa a cikinsa ta fuska biyu. Tatsuniyoyin da suke ƙarewa da tambayar wa ya fi wani gwaninta ma ƙofa ce a buɗe. Na biyu, yaro ɗaya ya rubuta ɓangarorin biyu da hannunsa, kuma a auna na biyun da tambaya guda: da mai wannan ra'ayi zai karanta, zai ce an yi masa adalci? Na uku shi ne wanda makarantun Rum suka zubar, Ghazali ya nace a kai: bayan rushewa da ginawa, yaro ya rubuta hukuncinsa, ya faɗi hujjar da ta rinjaye shi da wadda har yanzu ba shi da amsarta.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sanin haka ba ya wanke ɓera, yana dai hana alƙali gaggawa. Yaron da yake aji biyu na ƙaramar sakandare a yau, nan da 'yan shekaru zai riƙe waya cike da saƙonnin da aka tura masa don su fusata shi, zai jefa ƙuri'a, watakila ya zauna sasanta ma'aurata ko ya sa hannu a takardar korar ma'aikaci. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wani mutum a ɗaya ɓangaren wanda ba ya wurin, kuma ba shi da mai faɗin hujjarsa sai in an taɓa koya wa wannan yaro yadda ake faɗinta.